Iyo, Keke da Gudu Saboda Masu Ciwon Daji: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya





Lokacin da sakatare ya sanar da ni cewa an ware mini wuri a tsarin taron nan, sai da na tambaye shi ko dai an gayyace ni ne don a yi mini dariya. Dalili kuwa, na san labari ya riga ya zaga cewa an ga wane a bakin titi da asuba yana gudu ba wanda ya koro shi, an kuma gan shi a kan keke da hular kwano. Wani ɗan ajinmu ma har waya ya yi mini, bayan mun gaisa ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗan'uwa, idan wani abu ne ya faru da motar, ka faɗa mana, ai ba a haka." To, motar tana nan lafiya, ni ma da hankalina. Abin da ya fitar da ni titi shi ne na zo in yi bayani, kuma in gaya muku tun yanzu, ƙarshen bayanin roƙo ne. Wanda yake da niyyar sulalewa ga ƙofa can, sai dai ya sani Malam yana kallonsa.

Zan fara da mutumin da ya jawo wannan magana. Ba zan ambaci sunansa ba saboda iyalinsa, amma 'yan ɗakin kwananmu duk sun san wanda nake nufi. Mutumin Sabuwa ne, shi ne a gadon sama ni ina ƙasa, shekara biyar. Tare muka ci gabza, tare muka sha bulala ranar da aka kama mu mun tsallake waya. Abin da ya fi kowa a kai shi ne iyo. Idan damina ta yi nisa kududdufan bayan gari suka cika, shi ne mai nutsewa a wannan gaɓa ya ɓullo a waccan, mu kuwa muna bakin ruwa muna tsaron riguna. Ni musamman ya sa wa ido, yana cewa ranar da ruwa ya ci duniya ni za a fara nema. Kuma tun a wancan lokaci yana fitsarin jini. Ba shi kaɗai ba ne, da yawa cikinmu suna yi, ba wanda ya ɗauke shi cuta. A ƙauyukanmu har cewa ake yi alamar balaga ce, yaro ya fara zama namiji.

Shekaru sama da talatin bayan mun rabu, jinin ya dawo masa. Ya sha jiƙo, ya sha ƙwayoyin kemis, aka ce sanyi ne, aka ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa. Sai da ya kai ba ya iya barci saboda fitsari sannan aka kai shi babban asibiti, aka leƙa mafitsarar, aka yanki 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Likitoci suka tsara masa magani, ya je na farko, ya je na biyu, na uku bai je ba. Da na tambayi ƙanensa daga baya, sai ya ce mini kuɗin maganin ma an samu wanda ya yi alkawarin rabi. Abin da ya gagara shi ne kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, da abin da za su ci, da inda za su kwana. Gonar da za a sayar tana wajen da ba mai iya zuwa nomawa a lokacin, saboda haka ba mai saye.

A nan ne nawa laifin yake, kuma gara in faɗe shi da bakina. Ya kira ni sau biyu. Na farko na tura masa ɗan abin da ya sawwaƙa, na ji a raina na yi ƙoƙari. Na biyu ina cikin wata hidima, na ce masa zan kira shi. Bai ce mini kuɗin mota yake nema ba, kun san halinsa, ba ya roƙo. Gaisuwa kawai ya yi ya tambayi yara. Kiran da na yi bayan mako uku ƙanensa ne ya ɗauka. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan rasuwarsa na zauna da ɗaya daga cikin likitocin da makarantar nan ta yaye, na ce ya fahimtar da ni yadda wasan ruwan yarinta yake zama ajali a shekara hamsin. Abin da ya koya mini ya kamata kowane uba a nan ya ji. Tsargiya tsutsa ce ƙarama wadda take rayuwa a jikin katantanwar ruwan da ba ya gudu sosai, irin na kududdufi da fadama da bakin dam. Idan ta fito daga katantanwa sai ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, ba sai ya sha ba, ta bi jini ta je ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwayayen nan su ne suke maƙalewa a bangon mafitsara suna yi masa rauni, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Rauni yana warkewa yana sabuntawa shekara da shekaru, a wajen wasu mutane sai wurin ya rikiɗe ya zama daji. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz shi ya gano tsutsar a Alƙahira tun 1851, kuma a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sanya ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Maganinta kuwa ƙwaya ce da ake kira praziquantel, ana auna nauyin yaro ko tsawonsa a ba shi ya haɗiya, akan ma raba ta kyauta a makarantun firamare. Wato abin da ya kai abokina ƙasa, da an ba shi 'yan ƙwayoyi muna aji ɗaya, wataƙila da yana zaune a cikinku yau yana yi mini tsiya. Sanin gaibu sai Allah, amma dai ba mu yi abin da ya kamata ba, don ba mu sani ba.

Ba mafitsara kaɗai ba ce. Hukumar nan ta Liyon ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu ciwon daji kimanin 128,000 a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Na mama shi ne kan gaba da fiye da 32,000, sai na maza wanda yake kama ƙullin da ke gindin mafitsara, sai na bakin mahaifa. Mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, masu masara da gyaɗa, akwai kuma na hanta da ya kamata mu sa wa ido: hatsin da aka zuba a rumbu ko a buhu bai gama bushewa ba yakan yi fumfuna mai dafi, idan dafin ya haɗu da ciwon hanta nau'in B a jikin mutum, hanyar daji ta buɗe. Rigakafin wannan ciwon hanta yana cikin alluran jarirai a ƙasar nan tun 2004. Haka kuma a watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar da ke jawo dajin bakin mahaifa, jiharmu ta shiga a zagaye na biyu a watan Mayu na 2024. Na san maganganun da ake yi a kan allurar nan a majalisu. Ni dai nawa 'ya'yan an yi musu.

Akwai wata magana da muka gada, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Na daɗe ina tunanin inda wannan magana ta samo ƙarfi, domin mutanenmu ba sa riƙe abu haka kawai sai sun ga wata alama. Ga abin da suke gani: mace tana da ƙullutu a mama, ta ɓoye shi shekara guda saboda kunya, ta yi wata shekarar tana shafe-shafe, sai ya fashe yana wari sannan a ɗauke ta zuwa asibiti. A yi aiki, bayan wata huɗu ta rasu. Sai a koma gida a ce ƙarfe ne ya kashe ta, ta gaba kuma ta ƙara ɓoye nata. Ita kuwa wadda ta je da wuri aka cire ƙullutun yana kamar ƙwayar gyaɗa ta warke, ba ta hawa kan katanga ta yi shela, ba wanda ya san ta taɓa yin ciwon. Saboda haka labarin mutuwa ne kaɗai yake yawo a gari.

Yanzu bari in zo ga maganar tsere. Ina cikin wannan damuwa ne ɗana ya nuna mini labarin wani matashi ɗan Kanada, Terry Fox. Daji ya kama shi a ƙashi, aka yanke masa ƙafar dama a 1977 yana ɗan shekara 18. Ranar 12 ga Afrilu 1980 ya tsoma ƙafarsa ta roba a tekun Atalantika a garin St. John's, ya kama gudu da niyyar ratsa ƙasar baki ɗaya, yana roƙon kowane ɗan Kanada ya ba da dala ɗaya tak don binciken maganin daji. Kwana 143 ya yi yana gudu, kusan kilomita 42 kullum, har ya ci kilomita 5,373, sannan ciwon ya ɓulla a huhunsa ya tsaya ranar 1 ga Satumba. Ya rasu a watan Yuni na 1981 yana da shekara 22, amma kafin ya rasu an tara fiye da dala miliyan 24, wato dala ɗayan nan ta kowane mutum ta cika. Abin da ya tsaya mini a rai ba yawan kuɗin ba ne. Yaron nan ya gane cewa mutane suna jin maganar cuta su kau da kai, amma ba sa iya kau da kai daga mai ƙafa ɗaya da ke gudu a kan titi.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. 'Yar'uwarmu ta nan maƙwabta, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, gidauniyarta ta Medicaid takan shirya tattaki a Abuja a watan Oktoba don wayar da kai da tara gudummawa ga masu wannan ciwo, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya.

Ni abin da na zaɓa shi ne wanda ake kira tirayatalon, wato tsere uku a haɗe: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, ba hutu a tsakani, agogo yana tafiya har lokacin da kake ɗaura takalmi. Wasan ba tsoho ba ne, da yawanmu a nan mun girme shi. A watan Satumba na 1974 aka fara shi a San Diyego ta Amurka da mutum 46. A 1978 wasu suka yi mai tsanani a Hawayi, wanda ake kira Ironman: iyo kusan kilomita 4, keke kilomita 180, gudu kilomita 42, mutum 15 suka fara, 12 suka gama, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe kusan awa 12. An shigar da wasan gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000, inda ake iyon kilomita ɗaya da rabi, keke 40, gudu 10. Kada hankalin kowa ya tashi, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan zan yi ba. Nawa shi ne ƙaramin cikinsu: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5.

Me ya sa ban tsaya a kan gudu kaɗai ba, ko tattaki irin na Abuja? Saboda iyon. Na ga idan har zan yi wani abu da sunan mutumin nan, to sai na shiga ruwan da ya yi shekara biyar yana yi mini gori a kansa.

Kafin in fara sai da na je aka auna ni, aka duba jini da zuciya da sukari, kuma ina ba duk wanda ya haura arba'in shawarar kada ya tashi rana ɗaya ya kama gudu bai ga likita ba. An samu jinina ya ɗan hau, aka ba ni magani, aka ce in fara da tafiya. Na raina maganar, don ina tuna cewa na taɓa zuwa na bakwai a gudun ya-da-ƙanin-wani na tsakanin gidaje. Malam mai wasanni yana nan zaune, zai shaida, ko da yake na ga yana girgiza kai. Ranar farko na fita bayan sallar asuba na ce bari in ɗan taɓa. Ban wuce turakun lantarki huɗu ba na tsaya na dafa gwiwa, ƙirjina kamar an hura wuta. Wani mai shayi ya miƙo mini benci bai ce komai ba, wanda hakan ya fi mini ciwo a kan ya yi dariya. Daga nan na koma bin maganar likita: in yi gudu minti ɗaya, in yi tafiya minti biyu, kwana uku a mako. Sai da na yi wata uku kafin na haɗa kilomita 5 ba tsayawa.

Keke bai ba ni wahala ba, wanda ya yi yarinta a kan Raleigh da Phoenix yana kai niƙa ba ya mantawa. Wahalar keke ita ce idon mutane, da kuma masu a-daidaita-sahu. Akwai dai abu guda da ba wanda ya gaya mini: idan ka sauka daga keke bayan kilomita 20 ka ce za ka yi gudu nan take, ƙafafun sai ka ji kamar an ɗaura maka taɓare biyu. Jijiyoyin sun saba da juyawa, ba sa yarda su miƙe sai an yi kusan kilomita guda ana rigima da su. Maganin abin shi ne a riƙa haɗa su a wajen horo, a sauka a ruga ko da na minti goma ne, har jiki ya saba.

Iyo kuwa, 'yan'uwa, nan na ga ta kaina. Da farko wani ya ce ai ga dam ɗin Mairuwa, ga na Zobe, me zai sa in biya kuɗi. Na ce masa ruwan da ya kashe abokina ba zan je in nemi lada a cikinsa ba. Wurin iyo na wani otal a Kano, inda nake aiki, nan na yi rajista, ruwan da ake sa wa magani. Mai koya mini yaro ne sa'an ɗana na biyu. Yana ce mini Baba, amma idan muka shiga ruwa ba sani ba sabo. Mako biyu cur ba abin da muka yi sai tsoma fuska a ruwa ina fitar da numfashi ta hanci, ina riƙe da gefen kwamin kamar ɗan yaye, ƙananan yara suna wuce ni suna kallo. Ya ce duk wanda ya koyi iyo da girma matsalarsa ɗaya ce, yana riƙe numfashi yana ɗaga kai sama, da kai ya ɗagu kuwa ƙafafu sai su nutse. Sirrin shi ne ka bar wa ruwa kanka, ka fitar da iska a ciki, ka juya fuska gefe ka shaƙa. Faɗa da baki ba wuya. Na sha ruwan kwamin nan har na fara jin ya kamata su rage mini kuɗi. Kwamin tsawonsa mita 25 ne, saboda haka mita 750 tsallakawa 30 ke nan. Ranar da na fara tsallake shi sau ɗaya ba tare da na taka ƙasa ba, na riƙe bakin kwamin na daɗe ban juyo ba, yaron ya ɗauka ruwa ne ya shiga mini ido. A makon jiya na yi 22. Da hunturu ya shigo ruwan ya zama kamar ƙanƙara, da azumi kuma na mayar da gudu bayan asham na rage iyo, duk da haka dai ana matsawa.

Burina na farko shi ne in yi keken a gida. In tashi daga Ƙanƙara, in ratsa ƙasar Faskari, in sauka a Sabuwa a ƙofar gidansu, ko da kwana biyu zan yi. Da na faɗa wa uwargida sai ta ce in bari sai ta kira yayana. Ba sai na yi dogon bayani ba. Duk muna tune da daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, da abin da garuruwanmu suka gani kafin nan da bayan nan. Hanya takan yi lafiya wani lokaci, wani lokaci ta rikice, kuma ba zan sa wasu su bi ni a baya da mota in jefa su cikin abin da ba su nema ba. Don haka a Kano za a yi, a kan titin da aka auna, 'yan ƙungiya su zama shaidu. Amma ku lura da wannan: hanyar da ni mai lafiya aka hana ni bi sau ɗaya, ita ce marar lafiya yake bi duk bayan mako uku idan ana yi masa ƙarin ruwan maganin daji.

Wannan shi ya kawo ni kan abin da za a yi da kuɗin. Ba za mu iya sayen injin gashi ba, ba za mu iya ɗaukar nauyin maganin kowa ba, wanda duk ya ce muku ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta iya wannan, yaudararku yake yi. Wannan aikin hukuma ne, kuma an ɗan motsa: akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na maza, sannan a watan Yuli na 2025 an buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kafin nan mutanenmu Shika suka sani, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko Sakkwato, ko Abuja. To amma ko a Katsina ko a Shika, gashi ba abin rana ɗaya ba ne. Yawanci kwana biyar ne a mako, har mako biyar ko shida ko bakwai, ba a son a tsallake. Ku ɗauki mace daga wani ƙauye na Sabuwa: a fito da ita kan babur zuwa gari, a hau mota zuwa Dandume, zuwa Funtuwa, a sake wata ta bi ta Giwa zuwa Shika, tare da mai jinya, wadda ita ma ta bar nata yaran. Ina za su kwana wata ɗaya da rabi? Me za su ci? Ba wani asusu da ke biyan wannan, kuma a nan ne mutane suke yankewa su koma gida.

Abin da nake roƙo ke nan, mu zama masu kuɗin mota da masauki da abinci, da kuɗin gwajin farko, wanda shi ne yake nuna ko ƙullutu daji ne ko ba daji ba ne. Ƙaramin abu ne, daidai ƙarfinmu.

Tsarin kuwa ga shi. Tseren gaba ɗaya kilomita 25 ne da mita 750, mu ce 26. Kowa ya rubuta abin da zai bayar a kan kowace kilomita. Wanda ya sa naira 500, dubu 13 ke nan. Wanda ya sa 1,000, dubu 26. Wanda Allah ya buɗa masa ya san abin da ya dace da shi, ba sai na kalli ɓangaren da 'yan kasuwarmu suke zaune ba. Manomanmu idan buhu ya fi sauƙi, a kawo buhu, masu jinya abinci suke ci. Idan na gaza a hanya, a biya iya inda na kai, sauran in cika daga aljihuna, don kada wani ya zauna yana addu'ar in faɗi tun a cikin ruwa.

Kuɗin ba zai bi ta hannuna ba ko kwabo. Mun sha ganin an yi gidauniya an tafa, an karanta alkawura a lasifika, daga nan ba a ƙara jin labari ba, shi ya sa mutane suka daina yarda, kuma ban ga laifinsu ba. Na nemi kwamiti ya buɗe asusu daban da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku: ma'aji, ɗaya daga cikin malamanmu da suka yi ritaya, da ɗaya daga cikin likitocinmu. A kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan a samu ɗan ƙungiya guda, zai fi kyau ma'aikacin lafiya, wanda za a riƙa tuntuɓa. Marar lafiya ya nuna takardar asibiti mai ranar komawa, a biya kuɗin wannan tafiyar, idan ya dawo da shaidar ya je, a biya na gaba. Ba sai ɗan makarantarmu ba, ba sai danginmu ba. Ba za a ɗauki hoton kowa ana miƙa masa ambulan ba, ba za a buga sunan marar lafiya ba. Lissafin shiga da fita kuwa a karanta shi a taro mai zuwa, a kuma buga shi a mujallar nan, duk wanda ya ga inda bai gane ba ya tashi ya yi tambaya.

Wani yayanmu da nake girmamawa ya ce mini, "Kai wane, duk wannan wahala ta mece ce? Ka kawo takarda mu sa hannu mana, ka huta da ninƙaya da tsufanka." Na ce ranka ya daɗe, an kawo takardar. Lokacin da abokina yake kwance, wani ya sanya sanarwa a zaurenmu na WhatsApp. Addu'o'i sun zo da yawa, Allah ya karɓa, amma waɗanda suka tura wani abu ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma na riga na gaya muku yadda nawa ya kasance. Tun da na fara fita da hular kwano kuwa, mutanen da muka yi shekara ashirin ba mu gaisa ba suna kirana don su yi dariya, idan sun gama sai su ce, wai me ya yi zafi? Sai in ba su labarin da na ba ku yanzu. Biyu daga cikinsu sun kai matansu an duba su. Ɗaya ya ce mini shi ma yana ganin jini, na haɗa shi da likita, an ce tsargiya ce kawai, ya sha magani.

Kwamiti zai sa rana bayan babbar sallah ya sanar. Ina bukatar mutum biyu masu ƙirga tsallakawa a bakin kwami, don kada a ce na yi coge, da mai mota guda da zai bi bayan keke, da likita ɗaya ya tsaya kusa. Wanda yake jin zai iya ɓangare ɗaya, gudu ko keke, ya zo mu jera, ba a hana kowa ba. Takardar alkawari tana hannun ma'aji, za ta zaga yanzu layi-layi, a rubuta suna da aji da adadi yadda za a iya karantawa.

Roƙona na ƙarshe ga Malam mai wasanni ne. Allah ya gafarta Malam, idan usur ɗin nan naka yana nan, ina so kai za ka busa mini shi ranar. Ɗana zai zo ya ɗauke ka da mota ya mayar da kai.